Yanda zaka manna ledar kariya da fad a tankin babur ba tare da ka ɓata fentin da hannunka ba

Kafin ka sayi komai, ɗauki wayarka ka kunna tocila ka je wajen babur ɗin, ka haska tankin ta gefe, a kwance, ba daga sama ba. Duba daidai inda cikinka ke taɓawa in ka zauna. In dai babur ɗin ya yi ko wata uku a hannunka zaka ga wasu 'yan siraran layuka kamar an bi wurin da soson ƙarfe, toh ba wani ne ya maka mugunta ba, ƙarfen bel ɗinka ne da zif ɗin jaket. Duba gefe da gefe inda gwiwa ke matsewa, zaka ga ƙyallin ya fara dushewa. Sai zagayen murfin tanki, inda tarin makullan da ka rataya suke ta rawa duk sanda ka faɗa rami, sai can baya inda takalmin wanda ka goya ke gogewa in zai hau, da inda igiyar ɗaure kaya ke bi. Waɗannan wuraren su ne aikinka. Ni dai ban ga dalilin naɗe babur gaba ɗayansa da leda ba, ka rufe inda ake gogawa da inda tsakuwa ke duka kawai, sauran ka barshi ya sha iska.

Abinda ke karcewa ba kalar bace, wani siririn ruwan ƙyalli ne da ake fesawa a saman kalar, masu fenti suna ce masa kiliya, kuma kaurinsa ko na takarda ɗaya bai kai ba. Duk sanda ka kai babur aka masa folish don karcen ya ɓace, wannan kiliyar ake ci. Yau a ci gobe a ci, wata rana sai kaga an iso kan kala, daga nan kuma sai sabon fenti. Amfanin ledar kenan, ita ta sha dukan, in ta gaji a ɓare a sa wata.

Ledar kirki zaka ga an rubuta PPF a jikin kwalinta, kuma da wata roba ake yinta mai suna TPU, kaurinta wajen milimita 0.2. Asalinta ma ba don babur ko mota aka yi ta ba, kamfanin 3M ne ya yi wa sojojin Amurka lokacin yaƙin Biyetnam don kare fukafukan helikwafta da yashi ke cinyewa, daga baya masu tseren mota suka ɗauka. Yanzu banda 3M akwai irinsu XPEL da SunTek, kuma manyan nan suna bada garantin da ke kaiwa shekara 10. Sai kuma ta PVC, mai araha, wadda a ido duk ɗaya suke ranar da ka saya, amma araha ba ta ado, rana na dukanta take komawa ruwan ɗorawa, ta bushe ta tsattsage, ranar cirewa kuma ta riƙa fitowa gutsi-gutsi tana bar maka gam. In kana so ka gane, yanki ɗan ƙyalle ka ja shi da hannu biyu, TPU zata miƙe kamar roba ta koma a hankali, waccan kuwa ko ta yi fari a inda ka ja ko ta ƙi komawa. Yawancin masu kyau in ka karce su da farce ka zuba ruwan ɗumi, karcen ɓacewa yake a gabanka.

Shi kuma fad ɗin tanki, wato faifan roba mai kauri da gam a bayansa, kala biyu ne, mutane suna haɗa su. Akwai na tsakiya, wanda ke kwanciya daga bakin kujera ya hau sama, shi aikinsa tare bel da zif. Akwai na gefe masu kaushi, irin na Stompgrip ko TechSpec, waɗannan ba don fenti kaɗai bane, don gwiwarka ta samu abin riƙewa ne in ka taka birki da ƙarfi, maimakon duk nauyinka ya zube kan hannu. Masu manyan ƙuraje sun fi riƙo amma suna cin wando, in ba gudu kake a fili ba ka ɗauki mai laushi ka huta.

Abubuwa huɗu ka tabbatar kafin ka taɓa ruwa. In ba a daɗe da fesa wa tankin sabon fenti ba, ka haƙura aƙalla kwana 30, wasu fentin ma sun fi haka, ka tambayi wanda ya fesa, don fenti na cigaba da fitar da tururin tinna ko da ya bushe a hannu, in ka rufe shi kumfa zai tayar. In fentinka marar ƙyalli ne, irin dusasshen nan, toh leda marar ƙyalli zaka nema, kuma kar ka kuskura ka sa masa folish, wurin zai yi sheƙi kuma ba ya komawa. In tankin kansa na roba ne kamar na baburan daji, tururin fetur na ratsa robar a hankali, shi yasa sitikarsu take zuwa da 'yan huji-huji, leda a kan irin wannan tankin ɓarnar kuɗi ce, amma in murfin roba ne kawai aka ɗora kan tankin ƙarfe ba matsala. Na huɗu, shafa yatsa kan rubutun kamfani da ke jikin tankin, in kaji tudu sitika ce a sama, leda zata hau amma zaka ga siririn farin layi a zagayenta, kuma ranar cirewa tana iya tahowa da ita.

Kayan aiki ba yawa. Kwalbar feshi biyu, shamfun jarirai, sifirit ɗin da ake rubuta IPA a jikinsa, tsumman maikurofaiba masu tsabta kamar uku, tef ɗin takarda na masu fenti, takarda da fensir, almakashi mai kaifi, robar matse ruwa (in babu, tsohon katin banki ka naɗe shi da tsumma mai laushi), da handiraya. Kwalba ta farko rabin litar ruwa da ɗigo 5 ko 6 na shamfu, wannan ruwan santsi kenan. Ta biyu kashi 1 sifirit kashi 4 ruwa, wannan shi ke sa gam ya kama nan take. Ka rubuta a jikinsu, don in hannu ya jiƙe ido ya rufe zaka ɗauki wannan a zaton waccan. Wurin aiki kuma inuwa, inda iska bata kaɗo ƙura, injin a sanyaye, murfin tanki a kulle.

Yanzu wanki, kuma a nan aikin yake gaba ɗaya, mannawar ma wasa ce. Leda ba ta gyara komai, abinda ta tarar shi take rufewa ta adana maka shi shekara da shekaru, in ƙwayar yashi ɗaya ce zaka riƙa ganinta kullum kamar ƙurji a goshi. Cire kujera tukuna don ka samu bakin tankin sosai. Wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ka ɗauraye. Sannan sa hannunka cikin 'yar siririyar leda ta kaya ka shafa fentin, zaka sha mamaki, wurin da kake gani sumul zaka ji shi ƙaiƙai-ƙaiƙai. Wannan dattin da ya maƙale ne, sabulu baya fidda shi, akwai wata laka ta goge fenti mai kama da cingam, ka fesa ruwan santsi ka riƙa binta a hankali gaba da baya har kaji tana zamewa ba ƙara. In ta faɗi ƙasa ka yar da ita, ta riga ta kwashi yashi. In akwai karce, yanzu ne lokacin folish ɗin ƙarshe, sau ɗaya, mai sauƙi.

Bayan nan ka goge wurin da sifirit, sau biyu, kowanne da sabon gefen tsumma. Dalili shine man ƙyalli da duk wani feshin sheƙi da aka taɓa sawa suna barin maiƙo, gam kuma baya zama kan maiƙo. Ni na farko da na yi, na wanke babur tas na shafa masa man ƙyalli don murna sannan na manna, washegari da safe na tarar da kusurwa biyu sun ɗaga kai, kafin sati ƙura ta shige ƙarƙashi ta yi baƙin layi, na ɓare na zubar. Gwajin mai sauƙi ne, fesa ruwa zalla, in ya dunƙule ƙwallo-ƙwallo yana gangarewa akwai sauran mai, in ya baje ya kwanta toh ka gama. In an taɓa sa wa babur ɗin rufin siramik, wato wani ruwan kariya da ake shafawa ya ƙanƙare a kan fenti, sifirit ba zai cire shi ba sai folish. Daga nan kar yatsanka ya sake taɓa wurin.

In ledarka yankakkiya ce daidai samfurin babur ɗinka ka tsallake wannan. In kuma ta naɗi ce, sai ka fidda zubi. Lulluɓe wurin da tef ɗin takarda layi kan layi, ka zana siffar da kake so da fensir, ka ɓare shi a hankali ka manna kan takarda ka yanke. Na gefe guda ɗaya ya isa, ka juya shi ya baka na ɗaya gefen. Ɗora zubin kan ledar ka yanka da almakashi a kan tebur, ka lura da wane gefe ne gam don kar ka yanko hagu biyu. Duk kusurwa ka zagaye ta kamar bakin kwabo, kusurwa mai tsini ita tsumma da wando ke fara kamawa. Ka bar kamar milimita 2 tsakanin bakin leda da bakin ƙarfe ko zoben murfi. Kuma don Allah kar ka ɗora reza a kan tanki wai zaka rage abinda ya yi yawa, masu sana'ar sun shekara suna koyon nauyin hannun da zai yanka leda bai taɓa fenti ba, kai da ni garin neman gira zamu rasa ido, kuma ba zaka gani ba sai ranar da ka cire ledar kaga layi ya zagaye tankin kamar an zana da biro.

Toh mannawa. Wanke hannu, ka fesa wa yatsunka ruwan santsi. Fesa wa tankin har ya riƙa ɗiga. Fara ɓare takardar bayan ledar kana ɓarewa kana fesa wa gam ɗin, kar ka bar ko ina a bushe, in ya naɗe ya kama kansa a bushe ka shiga uku. Ɗora ta kan tanki, zata riƙa yawo a kan ruwan, ka zame ta da tafin hannu har ta zauna inda kake so, ka koma baya ka tsaya ta bayan babur ka kalla da ido ɗaya, ka auna da murfin tanki ko ta karkace. Fesa wa samanta ma don roba ta zame. Sai ka ɗaga tsakiya kaɗan ta gefe ɗaya ka fesa ruwan sifirit a ƙasa, ka kwantar ka danne da roba, wannan ya zama turkenta, ba zata ƙara motsi ba.

Daga turken nan kake turo ruwa zuwa baki, gajeren ja, da ɗan ƙarfi, kowane ja ya hau rabin na baya don kar ka bar tafki a tsakani. Kar ka yi ta shafa-shafa ko ta ina. Tanki ba allo bane, ƙumbo gareshi, don haka dole a bakin ledar zaka ga ta tattare ta yi wasu tsaye-tsaye kamar yatsu, a nan mutane ke rikicewa su danne da ƙarfi, in ka danne tattara ɗaya ta karye ta zama layi toh ta zauna kenan. Abinda zaka yi, ɗaga bakin, fesa ruwan santsi, ka ja ledar a hankali zuwa gefe, ba zuwa waje kaɗai ba, yanda rarar zata rabu, babbar tattara ɗaya ta zama ƙanana huɗu ko biyar, sannan ka fesa ruwan sifirit ka kwantar dasu ɗaya bayan ɗaya daga gindinsu zuwa baki. In ta yi taurin kai ka ɗan hura mata handiraya, ɗumi kawai wanda hannunka zai iya jurewa, zata yi laushi. Ni bana son bindigar zafi, wato injin hura iska mai zafin gaske, a kusa da tanki, fetur ne a ciki, kuma daƙiƙa kaɗan ta isa ta ƙona leda. Ja ma da iyaka, in ka ja fiye da kima gam ɗin zai yi zane kuma bayan kwana biyu ta ja da baya. In ƙumbon ya yi yawa gara ka raba ta gida biyu, ba abin kunya bane.

In ka hango gashi ko ƙwayar datti a ƙasa tun da sauran ruwa, ɗaga ledar har wurin, ka wanke shi da feshi ya gangaro, kar ka sa farce. Da ka gama ka naɗe yatsa da tsumma ka bi baki-baki kana tsotse ruwan, ka dawo bayan minti 15 ka sake bi, sannan bayan awa ɗaya, don bakin na son ɗagowa a ɓoye. A zagayen ƙarshe ka bi shi da ɗumin handiraya kana dannewa da babban yatsa.

Washegari zaka ga wani hazo-hazo da 'yan ƙananan ƙulli na ruwa, kar hankalinka ya tashi kuma kar ka tsokane su da allura, ruwan na fita ta jikin ledar da kansa cikin 'yan kwanaki, in garin da sanyi ya kai sati biyu. Kumfar iska ce bata tafiya, ita zaka ganta fara fat kuma bata raguwa. Kwana biyu kar ka hau in da hali, sati ɗaya kar ka wanke.

Fad kuma a bushe ake manna shi, ba ruwa ko ɗigo, kuma dama ɗaya gareka don gam ɗinsa in ya kama ya kama. In kana so ka ɗora shi kan leda, wanda ni shi nake yi don ranar cirewa fenti bai san an yi ba, ka bari ledar ta yi sati tukuna. Mayar da kujera kafin ka auna, in ba haka ba zaka manna kujera ta zo ta hau kan gindinsa. Ja layin tsakiya da tef daga murfin tanki zuwa bakin kujera. Na gefe kuwa hau babur ɗin ka zauna yanda kake tuƙi, ƙafa kan mataki, wani ya riƙe maka, ka sa alama inda gwiwarka take da gaske, ba inda hoton kwali ya nuna ba, tsayin mutane ba ɗaya ba. Goge da sifirit. Ɗora fad ɗin da takardarsa ka daidaita, ka kafe shi da tef a tsakiya ya zama kamar ƙyauren ƙofa. Ɗumama tankin da fad ɗin kaɗan, ɗaga rabi ɗaya ka ɓare takardar ka yanke ta, ka kwantar daga tsakiya zuwa baki kana murzawa da yatsa, sannan ka cire tef ka yi ɗaya rabin. Irin wannan gam ɗin matsi yake so, ka danne ko ina da tafin hannu da ƙarfi na kamar minti ɗaya, musamman baki. Yana ɗaukar awa 24 kafin ya kama sosai, cikakken ƙarfinsa kuma sai wajen awa 72, don haka kar ka manna da yamma ka fita da daddare kana matse shi da gwiwa.

Kulawa ba wuya. Babban maƙiyinsu fetur ne, in ya zuba wajen shan mai ka goge nan take, in ya kwana a bakin leda yana narkar da gam ya bar tabo. Kashin tsuntsu da matattun ƙwari ma kar su kwana. Injin wanki mai ƙarfi kar a kai bakinsa kusa da gefen leda, a tsaya nesa kamar tsawon hannu kuma kar a harbo ruwan ta ƙarƙashin baki. Tinna da man goge farce ko kusa. In kana ɗora jakar tanki mai maganaɗisu ka riƙa shafa ƙasanta kafin ka ɗora, maganaɗisun na tsinto ɓurɓushin ƙarfe, leda zata jure amma zata dushe da wuri. Ragowar ƙyallayen da suka saura kar ka zubar, ka yanka ka sa a ƙasan makulli, da ƙafar shokofsoba ta gaba inda tsakuwa ke duka, da inda dunduniyarka ke goga, amma banda kusa da salansa da kan injin.

Ranar da ta tsufa, alamarta ta fara rawaya ko bakinta ya yi baƙi ya ƙi wankuwa, kar ka jira ta fara tsagewa. Ajiye babur a rana na ɗan lokaci ko ka ɗumama da handiraya, ɗaga kusurwa ɗaya da farce ko katin roba, ka riƙa janta a kwance kusa da jikin tankin kamar kana miƙar da ita, a hankali, kana ɗumama gaba kana ja, ba fizga sama ba. In tankin fentin gyara ne ba na kamfani ba ka ninka haƙurin, don shi ya fi saurin tahowa. Fad mai kauri kuma ka zura zaren sakace ko na kamun kifi ta ƙarƙashinsa ka riƙa ja kamar zarto. Gam ɗin da ya rage ka jiƙa tsumma da sifirit ka ɗora a kai minti biyu, sai ka murza da yatsa ya dunƙule ya fita. Zaka ga fentin da ke ƙasa ya fi na kewayensa ƙyalli, har da shatin inda ledar ta tsaya, folish mai sauƙi a kewayen yakan daidaita su kafin ka sa sabuwa.